Ɗan'uwa yana annabci a taronmu na gida a Riyad kuma ba mu da fasto, wa zai auna maganarsa?

Ɗan'uwana gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ya iyali, ya aiki, ya zafi kuma. In na fahimci tambayarka daidai, kuna taruwa ranar Juma'a a falon ɗaya daga cikinku ku kamar ashirin, wasu 'yan ECWA wasu COCIN wasu EYN wasu kuma daga cocin Pentikostal, babu fasto a cikinku, kai da wasu dattawa biyu ne ke riƙe da taron. Sai wani ɗan'uwa ya fara annabci, wasu abubuwan da ya faɗa kun ga sun faru, yanzu kuma ya tura wa wata 'yar'uwa mai aikin gida saƙon murya wai Ubangiji yace ta fita daga gidan kafilinta, wato mai gidan da izinin zamanta a ƙasar ke hannunsa, kafin ƙarshen wata don an buɗe mata ƙofa a wani wuri, da kuka yi masa magana yace shi ba ya ƙarƙashin kowa sai Ruhu, kuma ai fastonsa na gida ya riga ya tabbatar da kiransa ta waya. Kana tambaya ku hana shi gaba ɗaya ne ko ku ƙyale shi.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. 'Yar'uwar nan dan Allah kada ta fita daga gidan saboda wannan saƙo, ko da ita ma tana jin wani abu a ranta. Kai ma ka san yadda ƙasar nan take, ranar da mai aiki ta bar gida ba izini kafili zai kai rahoto a rubuta mata hurub, wato ta gudu daga aiki, daga nan iƙamarta, takardar izinin zamanta ke nan, ta shiga matsala, samun wani aiki ta hanyar doka ya yi wuya, zuwa asibiti ma sai da fargaba, ƙarshenta yana iya zama gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, a mayar da ita gida kuma a hana ta dawowa. Sauƙin da gwamnati ta kawo a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikata damar canza wurin aiki ko fita ƙasa ba sai kafili ya sa hannu ba, bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, toh ita tana cikin waɗanda aka bari a baya. Idan cutar ta ake yi a gidan, ana riƙe mata albashi ko ana hana ta abinci ko ana taɓa ta, wannan magana ce babba kuma ba sai da annabci za a taimake ta ba, akwai ofis ɗin da ya kawo ta, akwai ma'aikatar ƙwadago, akwai ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyad, ku bi ta nan. Wanda ya tura saƙon ba shi zai kwana a tarhil ba.

Na san ku ashirin ɗin nan ba bakinku ɗaya ba a kan baiwar annabci ita kanta, mu ma nan Jidda haka muke. Akwai waɗanda suka taso a koyarwar cewa baye-bayen wahayi sun tsaya tun da manzanni suka shuɗe aka kammala Littafi Mai Tsarki, irin matsayin malaman Amurka B. B. Warfield a littafinsa na 1918 da John MacArthur a taronsa na 2013, akwai kuma masu cewa suna nan har gobe, kamar Wayne Grudem wanda a littafinsa na 1988 yace annabci a ikkilisiyar Sabon Alkawari shi ne mutum ya faɗi da kalmominsa abin da Allah ya sa masa a zuciya, don haka yana iya kuskure kuma bai kai matsayin Nassi ba. Ni tun ina makarantar tauhidi, kafin aikin asibiti ya kawo ni ƙasar nan, na fi karkata ga na biyun. Amma ba sai kun gama wannan muhawara ba kafin ku san abin yi Juma'a mai zuwa, domin duka ɓangarorin sun yarda da abu ɗaya, duk maganar da ta fito daga bakin ɗan Adam yau da sunan Allah sai an auna ta. Hana shi kwata-kwata bana goyon baya, Bulus yace wa Tasalonikawa kada su danne Ruhu kada su rena annabci, amma ayar da ke biye yace su gwada komai su riƙe mai kyau, 1 Tasalonikawa 5:19 zuwa 22 ke nan, mutane sai kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Ku zauna ku uku ku karanta 1 Korintiyawa 14 a hankali daga farko har ƙarshe, babin nan kusan kamar falonku aka rubuta wa. Korinti ba ikkilisiyar da ta rasa baiwa ba ce, baiwar ce ma ta yi musu yawa har taro ya koma hayaniya, kuma Bulus bai ce su daina ba, a aya ta farko ma cewa yayi su yi marmarin annabci. Abin da yayi shi ne ya gaya musu amfaninsa, aya ta 3, ginawa da ƙarfafawa da ta'aziyya, sannan ya sa masa iyaka daga aya ta 29: mutum biyu ko uku su yi magana, saura su auna abin da aka faɗa, in wani da ke zaune ya sami wahayi na farkon ya yi shiru, ɗaya bayan ɗaya, kuma ruhun annabawa yana ƙarƙashin ikon annabawan. Wannan ta ƙarshen ka riƙe ta da kyau, don ita ce amsar mai cewa abin ya fi ƙarfina ban iya riƙewa ba dole in faɗa yanzu. Yana iya riƙewa. Wanda aka ce ya yi shiru a tsakiyar magana don wani ya tashi, ai zai iya jira har a tashi daga sujada ya sami dattawa a kicin.

Su wane ne "saura" ɗin da za su auna, masana sun rabu, wasu sun ce sauran masu baiwar annabci ne wasu sun ce dukan taron ne, amma ko wanne ka ɗauka ba mai maganar ne ke yanke wa kansa hukunci ba. Kuma lura da wani abu, a duk babin Bulus bai ce a kai wa fasto ba. Mu da muka taso a gida mun saba in babu Rabaran da kwala a wuya kamar babu iko a wurin, shi ya sa kake jin kamar ba ku da hurumin yi masa magana. Ikkilisiyoyin farko a gidaje suke taruwa, ga ta gidan Akila da Biriskila nan a ƙarshen wannan wasiƙar, kuma abin da Bulus da Barnaba suka bari a kowace ikkilisiya dattawa ne, jam'i, Ayyukan Manzanni 14:23, haka ma aka umarci Titus ya naɗa a kowane gari a Karita. In mutanen nan sun amince ku uku ku riƙe su, ku ne ke lura da su, ku ne za ku ba da lissafi a kansu kamar yadda Ibraniyawa 13:17 ta faɗa, toh kiwon ya hau kanku ko da takardar naɗi ko babu. Zan dai ba ku shawara ku nemi fasto ɗaya mai shekaru a gida wanda duk kun yarda da shi, ku riƙa tuntuɓarsa in abu ya yi nauyi, don kada ku ma ku zama ba wanda ke duba ku. 'Yan'uwanmu na Dammam da Khobar su kam da sauƙi, gadar Sarki Fahad kilomita 25 ce su tsallaka Bahrain inda akwai majami'u a fili su ga fasto ido da ido, ku na Riyad sai haƙuri da waya.

Maganar fastonsa na gida kuwa, ku karɓi lambar ku kira shi da kanku cikin ladabi. Bawan Allahn nan bai taɓa ganin 'yar'uwar ba, wataƙila bai san mene ne hurub ba, ɓangare ɗaya kawai ya ji, kuma cewa yaro yana da baiwa daban ne da cewa duk abin da ya faɗa daidai ne. Ba mamaki ku tarar bai ma san da saƙon ba. In kuma ya sani yace shi ya ba da izini, ku gaya masa a hankali cewa Baba mun gode amma tumakin nan a hannunmu suke, mu muke ganinsu kowane mako. Shi kuma ɗan'uwan da yace Ruhu kaɗai ke iko da shi, ku buɗe masa aya 37 da 38 na wannan babi, inda Bulus yace duk mai ganin shi annabi ne ko mai ruhaniya sai ya yarda cewa wannan tsari umarnin Ubangiji ne, wanda ya ƙi kuma kada a kula shi. Bulus ɗin da ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu, shi da kansa ya je Urushalima ya shimfiɗa bisharar da yake wa'azi a gaban shugabanni, Galatiyawa 2:2. A asibiti in za mu ƙara wa mara lafiya jini sai mutum biyu sun tsaya a bakin gado sun duba suna da lamba da rukunin jini, ko da nas ɗin da ta ɗauko ta fi kowa daɗewa a aiki, kuma ban taɓa ganin ƙwararriya ta ji haushin wannan ba, sababbi ne masu rawar kai ke gani kamar an rena su.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba da hankali, domin nan ne masu baiwa ta gaskiya ma suke yin ɓarna. A cikin kowane annabci akwai abin da aka nuna wa mutum, akwai yadda ya fahimce shi, akwai kuma abin da yace a yi a kai, kuma mai magana yakan dunƙule su ukun ya fito da su da murya ɗaya kamar duk daga sama suka sauko. Dubi Ayyukan Manzanni 21. A Taya almajirai suka ce wa Bulus ta wurin Ruhu kada ya je Urushalima. Ya iso Kaisariya gidan Filibus mai bishara, wanda 'ya'yansa mata huɗu ma suna annabci, sai ga Agabus daga Yahudiya ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure kansa hannu da ƙafa yace haka za a ɗaure mai wannan ɗamara a Urushalima a ba da shi ga al'ummai. Nan kowa ya hau roƙon Bulus da kuka kada ya tafi, har da Luka mai rubuta labarin, don cewa yayi "muka roƙe shi". Bulus ya ƙi, domin tun a babi na 20 ya gaya wa dattawan Afisa cewa Ruhu ne ya ɗaure shi zuwa can kuma ya san sarƙa na jiransa. Kaga wahayin gaskiya ne, an kuwa ɗaure shi, amma "kada ka tafi" ɗin ƙauna ce da tsoro na mutanen da suka ji, kuma mai rayuwar shi ya yanke, su kuma suka yi shiru suka ce nufin Ubangiji ya tabbata. Babu wanda yace masa ka yi wa Allah tawaye. Toh ka kawo wannan kan ɗan'uwanku, ku tambaye shi takamaimai me ka gani, me ka ji. Wataƙila yace na gan ta tana kuka kuma na ga ƙofa a buɗe. Madalla, wannan zai iya zama Allah ne ke nuna muku tana cikin wahala ku tashi ku taimaka, ƙofar tana iya zama ƙarshen kwantiraginta, tana iya zama canjin kafili ta hanyar doka, tana iya zama komawa gida gaba ɗaya. "Ki gudu" da "kafin ƙarshen wata" daga ina suka fito? Sau da yawa in ka bi a hankali zaka tarar nan ne mutum ya cike gurbi da tunaninsa, ba don mugunta ba, don dai yana ganin in bai ƙarasa maganar ba kamar ba ta cika annabci ba.

Ka ce wasu abubuwan da ya faɗa sun cika, shi ya sa mutane ke tsoron musa masa. Gaskiya a taron mutum ashirin da kowa ya san bashin kowa da ciwon kowa, kuma kowa baƙo ne mai kewar gida, in mutum ya tashi yace akwai wadda kuɗin makarantar yara ya hana ta barci ai rabin falon ne za su fashe da kuka. Ban ce nasa haka ne ba, na ce ku bambance tsakanin abin da ba yadda za a yi ya sani da abin da kowa ya sani. Ko ma ya faɗi ɓoyayyen abu ya cika, Maimaitawar Shari'a 13 tace alama na iya cika kuma duk da haka kada a bi mutumin in yana janye mutane daga Ubangiji, yarinyar nan mai duba a Filibi gaskiya take faɗa a kan Bulus da Sila kwana da kwanaki, kuma a Matiyu 7 masu cewa mun yi annabci da sunanka aka ce musu ban taɓa saninku ba. Abin da Yesu ya ba mu mu duba shi ne 'ya'yan da itacen ke bayarwa. Yaya yake da matarsa, yana biyan bashi, in an gyara masa yana karɓa, bayan ya yi magana mutane Yesu suke ƙara nema ko lambar wayar mai annabcin.

A aikace abin da na ga yana zaunar da taro lafiya ba shi da wuya. Maganar ƙarfafawa da ta'aziyya wadda ta shafi kowa, a ba ta wuri a cikin sujada, mutum biyu ko uku, a gajarce, in an gama ɗaya daga cikinku ya tashi yace mun ji, wannan ya yi daidai da aya kaza mun karɓa, ko yace wannan za mu ajiye mu yi addu'a tukuna. Kada ku bar magana ta wuce ba wanda yace komai, shirun shugaba a kunnen jama'a amin ne. Amma duk abin da ya shafi aure, kuɗi, aiki da iƙama, tafiya, ciwo ko barin magani, mutuwa, ko tona zunubin wani, wannan ku uku zai fara samu, ku yi addu'a ku auna, in kun ga a faɗa sai a faɗa wa mai shi a gabanku, kuma a gaya masa a fili cewa yana da 'yancin ya ajiye. Saƙon murya a ɓoye daga namiji zuwa ga mace da ke kulle a gidan mutane ita kaɗai ba ta da wanda za ta tambaya, wannan ku rufe ƙofarsa yau, ko da abin da ke ciki aya ce. Ku roƙe shi kuma ya rage "in ji Ubangiji" ya koma "ina ji a zuciyata, ku auna", don wa zai iya ɗaga hannu ya yi wa Ubangiji gyara? Akwai guda ɗaya da ni sam bana ba ta hanya ko ta wajen dattawa, wato a ce an ga kishiya ko suruka ko wata gwaggo a ƙauye ita ta ɗaure maka arziki. Mun ga yadda zargin maita ya raba dangi ya jawo wa tsofaffi da yara duka a gida, kuma boka ma da wannan yake cin abinci.

Kuɗi kuwa tsohuwar matsala ce. Akwai wani ɗan littafi na ikkilisiyar farko da ake kira Didake, yawancin masana na sa shi wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, a babi na 11 yace baƙon da ya zo da sunan manzo ya kwana ɗaya, in da bukata biyu, in ya kai uku annabin ƙarya ne, in ya nemi kuɗi annabin ƙarya ne, wanda kuma yace cikin Ruhu a ba ni kuɗi kada a saurare shi, sai dai in don wasu mabukata ya roƙa. Mutanen nan suna girmama annabawa ƙwarai amma sun sha wuya har suka rubuta wannan. Agabus ɗin nan dai da ya yi annabcin yunwa a Antakiya, wadda ta zo a zamanin Kalaudiyas sarkin Roma, almajirai ne suka yanke da kansu kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, kuma gudummawar ta tafi hannun dattawan Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, ko sisi bai bi ta hannun Agabus ba. Ba ka ce ɗan'uwanku na karɓar komai ba, kuma ina fatan haka ne, amma ku sa ido a kan kyautar godiya da katin waya, daga nan ake farawa. Ku kuma ja kunnen 'yan'uwa mata a kan masu annabcin Facebook da TikTok da ke jin an ce Saudiyya sai su ce a shuka iri da riyal.

Sai abin da fasto na gida ba lallai ya tuna muku ba, wato inda muke zaune. Babu majami'a ko ɗaya a ƙasar nan, ibadar da ba ta Musulunci ba a fili haramun ce a doka, wa'azi ga Musulmi ma haka, ta cikin gida ce ake kau da kai kuma ba wata doka da ta ba mu tabbaci. Tun Afrilun 2016 aka karɓe wa 'yan sandan addini da ake kira 'yan Hai'a ikon kama mutane, abubuwa sun yi sauƙi sosai, amma a Disambar 2011 nan Jidda an kama Kiristoci 'yan Habasha 35 suna addu'a a wani gida, yawancinsu mata, sai a 2012 aka mayar da su ƙasarsu. Ƙari a kan haka sihiri da duba laifi ne babba a nan, Ali Sibat ɗan Lebanon mai shirin faɗa wa mutane abin da zai faru a talabijin an kama shi a Madina a 2008 da ya zo umara, aka yanke masa hukuncin kisa a 2009, daga baya ne dai ba a zartar ba. Ka yi tunanin uwar gidan 'yar'uwar nan ta karɓi wayarta ta sa wani ya fassara mata saƙon, namiji yana gaya wa mai aikinta abin da zai faru da sunan Allah yana ce mata ta gudu, yaya za ka bayyana wa ɗan sanda bambancin wannan da duba? Kada kuma kowa ya riƙa kiransa annabi ko a wasa ko a guruf, ka san nauyin wannan suna a wurin maƙwabtanmu da abokan aikinmu Musulmi, har da Hausawanmu da aka haifa a nan waɗanda ke jin duk abin da muke faɗa. Abin da aka yi annabcinsa yana da kyau a rubuta da kwanan wata don a duba daga baya, in ba haka ba kowa sai ya tuna wanda ya cika ya manta wanda ya faɗi, amma a takarda, ba cikakken suna, ba a waya ba.

In ƙarshen wata ya zo ba ƙofar da ta buɗe, kada ku bari a ce ai rashin bangaskiyarta ne. Maimaitawar Shari'a 18:22 tace in abin bai faru ba Ubangiji bai faɗa ba, mutumin ne yayi ganganci, kada a ji tsoronsa. Hananiya ya sa wa'adin shekara biyu yace za a karya karkiyar Babila, Irmiya ma yace amin Allah ya sa, amma a jira a gani, kuma ka san yadda ta ƙare a Irmiya 28. Mu ba ma jifan kowa yau, amma wanda yayi kuskure a gaban mutane sai ya amsa a gaban mutanen, ya ɗan zauna ya koyi, in ya nuna tawali'u a sake ba shi dama. A Amurka da yawa sun yi annabci cewa Trump zai ci zaɓen 2020, da bai ci ba kaɗan ne irin su Jeremiah Johnson suka fito suka nemi gafara, har a Afrilun 2021 wasu shugabannin ɓangaren masu yarda da baiwar, su Michael Brown da Joseph Mattera, suka fitar da takardar ƙa'idoji da ke cewa mai annabci ya kasance ƙarƙashin shugabannin ikkilisiya kuma ya amsa kuskurensa a fili. Inda babu mai iya cewa shugaba ka yi kuskure kuwa mun ga ƙarshensa, Kanungu a Uganda a watan Maris na 2000 ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiyar addini suka mutu, dajin Shakahola a Kenya a 2023 an tono gawa sama da 400. Ban haɗa ɗan'uwanku da waɗannan ba ko kusa, amma su ma mabiyansu daga "Allah ya gaya mini" suka fara kuma ba wanda ya tambaya.

Ku ma dattawa ina da magana da ku. Aunawa tana iya zama kishi da aka sa wa riga, musamman in yaro ne kuma mutane sun fara kallonsa fiye da ku. Da Eldad da Medad suka yi annabci a sansani Joshuwa yace Musa ya hana su, Musa yace kishi kake yi domina, da ma dukan mutanen Ubangiji annabawa ne. Amaziya firist na Betel shi ma da sunan tsari ya kori Amos. Don haka in wata rana maganar da ta zo ku ta taɓa, tace kun yi sanyi ko kuna fifita likitoci da injiniyoyi a kan masu aikin gida da direbobi, ma'aunin da kuka sa wa wasu shi za ku sa mata, in ta yi daidai da Nassi ku sunkuyar da kai. Kuma ka tambayi kanka yaya aka yi shi ya san 'yar'uwar nan na cikin damuwa ku ba ku sani ba.

Ku same shi cikin makon nan, ku biyu ko ku uku, ba a guruf ba kuma ba a gaban jama'a ba, a ci abinci tukuna. Ku fara da gaya masa abin da kuka gani na alheri a hidimarsa, da gaske ba don a lallashe shi ba, sannan ku karanta babin tare ku ce ga yadda za mu yi daga yau, kuma tsarin na kowa ne har da mu. Ku nemi shi da bakinsa ya gaya wa 'yar'uwar a gabanku cewa ta dakata, maganar na hannun dattawa, don in ku kaɗai kuka faɗa za ta zauna da tsoron ta saɓa wa Allah, kuma ɗaya daga cikin matanku ta riƙa kiranta tana jin ainihin halin da take ciki. In ya karɓa kun sami ɗan'uwa mai amfani, ku ba shi wuri ku riƙa zama da shi a kan Nassi. In ya ƙi, ku sake zama da shi sau ɗaya tare da fastonsa a waya, in ya ƙi nan ma sai ku gaya masa yana iya zuwa sujada amma ba zai yi magana da sunan Ubangiji a taron ba kuma ba zai tura wa kowa saƙo ba, ku sanar da 'yan'uwa a taƙaice ba tare da ɓata masa suna ba. Ku yi shi da taushi iyakar iyawarku, don ɗan'uwa ne, kuma don mutumin da ya fita da fushi ya san gidan da kuke taruwa da sunan kowa da wurin aikinsa. In ta kai ga rabuwa ku canza gida da lokaci na ɗan wani lokaci, ku kuma rage yawan masu haɗuwa a wuri ɗaya.